Waiwaye: Bos ɗin da Ya Mutu, a Ƙyale Shi

Yaranmu na Kawo, masu cika gidajen kallo daga Hayin Banki zuwa Unguwar Dosa, suna da wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: a dawo da tsohon bos a kashi na gaba, ko a nemo wa jarumi sabon abokin gaba? Fim ɗin Spider-Man na 2021 ya ƙara hura wutar, domin an dawo da Green Goblin, mugun da kowa ya ga mutuwarsa a fim ɗin 2002, kuma Willem Dafoe ɗin dai aka sake ba wa rigar. Yara suka yi ta tafi. Ba su san gardamar ta girme su ba.

Tun kafin bidiyo ya shigo gidajenmu muna da jarumin takarda. Mujallar African Film ce, wadda kamfanin Drum ya buga daga 1968 zuwa 1972, labari cikin hotuna, maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa. Lance Spearman ne jarumin, ɗan ƙwalisa mai malfa da kwat, babban abokin gabarsa kuwa Rabon Zollo. Kwafi ɗaya kan zaga unguwa har bangonsa ya yage a liƙe da ƙaro. Wanda ya ɗan yi nisa a boko shi ke zama a tsakiya yana karantawa yana fassara, sauran mu muna leƙe ta kafaɗarsa, kowa na roƙon kada a buɗe shafi tukuna. Zollo kan sha kashi, ya kuɓuce, ya sake ɓullowa da sabon makirci. Ba mu taɓa jin an cuce mu ba, domin mun san yana nan da ransa.

Haka Gizo yake a tatsuniyar kakanninmu. Yau asirinsa ya tonu, ya ji kunya, ya haye rufin ɗaki; gobe da dare ga shi ya dawo. Mai tatsuniya ba ta kashe shi ba, balle ta rasa yadda za ta tashe shi.

Wannan bambanci ne aka manta, tsakanin mugun da aka bari da ransa da wanda labari ya gama da shi. Ku tuna Sholay na 1975. Gabbar Singh, wanda Amjad Khan ya fito a matsayinsa, ya kashe iyalin Thakur, ya datse masa hannaye biyu. Fiye da awa uku muna zaune, zuciya na tafasa, muna jiran abu ɗaya. Da Thakur ya tattake shi da takalmi mai ƙusoshi, 'yan sanda suka tafi da shi, sai ka ji silima ta ɗauki sowa, har wanda bai san kalma ɗaya ta Indiyanci ba. An biya mu haƙƙin zamanmu. Alhaki kwikwiyo ne, in ji Hausawa, kuma mun gan shi da idonmu ya bi mai shi.

Masu fim sun gwada tono wannan labari a 2007, Amitabh Bachchan da kansa ya zama bos, fim ɗin ya faɗi warwas. Mogambo kuwa, bos ɗin fim ɗin Mr. India na 1987, ya tafi tare da Amrish Puri da ya rasu a 2005. An daɗe ana zancen kashi na biyu, shiru kake ji.

Ban ƙi yaro ya yi murnar ganin fuskar da ya sani ba. Damuwata ita ce yaron da ya saba ganin mugu ya mutu yau, gobe a tashe shi don kasuwa ta yi kyau, zai daina jin nauyin hukunci a labari. In Zollo ne, ya dawo sau goma. Wanda labari ya riga ya binne, ina ganin a ƙyale shi.

Roƙona ga marubutanmu na Kaduna da Kano, masu finafinai masu dogon zango, shi ne su ɗaga kai su duba. Ga mai ɓoye hatsi har farashi ya tashi. Ga wanda ya mayar da hanyar Abuja abin fargaba ga duk matafiyin da ya bar gida da asuba. Irin waɗannan nake so a zauna a rubuta da kyau, a ba su suna da fuska, a kuma kai labarinsu ƙarshe.