Bukukuwan fasaha a Kano: Wa ke duba abin da ake ci a rumfunan abinci?

Duk wanda ya taɓa halartar bikin fasaha da al’adu a birnin Kano ya san cewa cunkoson da ake samu a gaban masu tuyar waina da masu tsire yakan zarce wanda ake samu a gaban masaƙa da dukawa. Jama’a kan fito da niyyar kallon ’yan dambe da makaɗa da kayan rini, amma da wuya mutum ya bar filin bai tsaya ya sayi abin sa wa a bakin salati ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin girki shi ma fasaha ce, kuma shi ne ɓangaren bikin da ke bin mutum har gida. Sai dai kuma shi ne ɓangaren da masu shirya bukukuwan suka fi sakaci da shi.

Batun ya cancanci a dube shi yanzu saboda irin waɗannan taruka suna ƙara yawa a Arewa. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al’adun da duniya ta gada, kamar yadda ta yi wa bikin kamun kifi na Argungu a 2016, duk da cewa rikicin masarauta ya sa an dakatar da hawan a wasu sallolin baya-bayan nan. A Kaduna an fara bikin littattafai da fasaha na KABAFEST a 2017. A 2025 kuma Gwamnatin Jihar Kano ta gudanar da bikin KanFest, wanda aka yi wa laƙabi da Kalankuwa. Gwamnatoci na kallon waɗannan taruka a matsayin hanyar jawo baƙi da farfaɗo da sana’o’in hannu. Kowane ɗaya daga cikinsu kuwa yana nufin dubban mutane za su ci su sha a wuri guda, a tsaye, cikin rana da ƙura.

Asalin abincin ba shi da laifi

Sunan Kalankuwa kansa yana tunatar da wani abu. A asali biki ne na kaka, wanda ake yi a ƙauyuka bayan an kawar da amfanin gona. Abin da ake ci a wurin sabon gero ne da dawa da wake da gyaɗa, kuma masu cin sa mutane ne da suka shafe watanni suna sunkuye a gona. Jikin da ya yi noma da girbi yana da inda zai kai furar da ya sha.

Idan aka duba kayan da ake haɗa abincin Bahaushe da su, za a ga cewa su ne masana abinci ke yabawa a yau. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 domin jawo hankali ga gero da dawa da danginsu, saboda suna jure fari kuma suna ɗauke da harza da sinadarin ƙarfe fiye da farar shinkafa. Wake, wanda ake yin ƙosai da alala da shi, yana gina jiki. Kwaɗon zogale da na rama, da miyar kuka, da dambun da aka cika da ganye, duk abinci ne da ba ya buƙatar gyara. Daddawa ta daɗe tana ba miya ɗanɗano tun kafin a san ɗunƙulen da ake sayarwa a kanti. Har zoɓo, binciken likitoci ya nuna yana iya ɗan sassauta hawan jini idan ba a cika masa sukari ba, ko da yake ba ya maye gurbin magani.

Matsalar tana cikin abin da aka ƙara wa abincin, da kuma yadda rayuwar masu cin sa ta sauya.

Sukari da gishiri da mai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Ɗunƙulen ɗanɗano guda kusan rabinsa gishiri ne, kuma ana sa shi a miya, ana sa shi a yajin tsire, ana barbaɗa shi a kan ɗanwake da gurasa da awara. Mutumin da ya ci bandashe da hantsi, ya ƙara da tsire da yamma, yana iya wuce ƙa’idar yini guda tun kafin ya koma gida ya tarar da tuwon dare.

Haka lamarin yake ga sukari. Hukumar ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana, wanda ya yi daidai da kimanin giram 50, ko ƙananan cokula 12. Ta ƙara da cewa rabin haka ya fi alheri. Robar lemon kwalba mai rabin lita ita kaɗai tana iya kusantar wannan iyaka. A Dokar Kuɗi ta 2021, Gwamnatin Tarayya ta sanya harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon da kamfanoni ke yi, da hujjar rage shan sa. Amma zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da ake ɗurawa a gida ba su da takardar da ke nuna abin da ke cikinsu. Mai saye yakan zaɓe su da tunanin ya guje wa lemon kamfani, alhali sukarin da ke ciki sai mai haɗawar ce kaɗai ta san adadinsa. Alkaki da nakiya da dubulan kuwa, a da kayan gara ne da na sallah, ana ganin su jefi-jefi. Yanzu suna kan faranti a kowane taro.

Sai kuma mai. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi yana haifar da sinadarai masu cutar da jijiyoyin jini. Hukumar NAFDAC tana da ƙa’ida kan mai da kitse wadda ta taƙaita nau’in kitsen da ke toshe jijiya zuwa giram 2 cikin kowane giram 100. Wannan ƙa’ida tana iya kama kamfani, amma ba ta isa kaskon mai ƙosai a bakin filin biki.

Dalilin da ya sa wannan ya shafi ɗan kasuwa da ma’aikacin gwamnati kai tsaye shi ne yanayin aikinsu. Mai shago a Kantin Kwari ko Singa yakan wuni a zaune, ma’aikacin da ke sakatariyar Audu Baƙo shi ma haka, kuma dukansu a kan babur ko mota suke zuwa su koma. Ƙiyasin masana na nuna kusan baligi ɗaya cikin uku a Najeriya na fama da hawan jini, kuma da yawa daga cikinsu ba su san suna da shi ba. Cin abincin biki na yini ɗaya ba ya jawo wa mai lafiya ciwon suga ko hawan jini. Abin lura shi ne, ga mazaunin birni da ke karin kumallo da abincin rana a waje, abin da ake sayarwa a filin biki shi ne abin da yake ci kullum, illa dai a ranar biki yakan ninka.

Darasin 2021

Bayan cutar da ke taruwa a hankali, akwai wadda ke kayar da mutum nan take. A watannin Maris da Afrilun 2021 an kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu kuma suka rasa rayukansu, bayan sun sha abubuwan sha da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami da garin lemo da wa’adinsa ya ƙare. Masu haɗawar ba su yi niyyar cutar da kowa ba, sun sayi kaya ne mai rahusa a kasuwa. A wannan shekarar ce kuma cutar kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a faɗin ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, kuma Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Filin biki ya tara duk abin da irin wannan annoba ke buƙata. Akwai ruwan da ba a san inda aka ɗebo shi ba, da ƙanƙarar da aka yi da shi. Akwai robobin da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama aka sake ɗura zoɓo. Akwai nonon da ba a tafasa ba, wanda kan iya ɗauko cuta daga saniya zuwa mutum. Akwai bokiti guda da ake wanke ɗaruruwan kwanuka a cikinsa. Ƙa’idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ko a cikin sanyi ba, domin ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin ma’aunin zafi 5 zuwa 60. A bazarar Kano, inda zafi kan haura 40, shinkafar da aka dafa da asuba aka sayar da la’asar ta daɗe da ƙetare wannan iyaka.

Laifin ba na mai talla kaɗai ba ne

Abu ne mai sauƙi a ɗora wa masu sayarwa laifi, amma lissafin kasuwa ba ya goyon bayan haka. A 2024 hauhawar farashin kayan abinci ta kai kusan kashi 40 cikin 100. Matar da ta sayi man gyaɗa da tsada, ta biya kuɗin rumfa da na mota, ba za ta zubar da man ba saboda ya sauya launi, musamman idan maƙwabciyarta ba ta zubar da nata. Idan ta rage sukari a kunu, mai saye ya ce ya yi salam ya wuce gaba. Duk wanda ya yi abin da ya dace shi kaɗai, shi ne zai yi asara. Irin wannan matsala ba ta gyaruwa sai an sa ƙa’ida ɗaya a kan kowa.

A nan ne alhaki ya koma kan masu shirya biki. Kano ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Dattawa na tuna zamanin duba-gari, lokacin da jami’in tsafta ke leƙa randa da kwata, kuma har yau jihar na da makarantar koyon tsafta da ke yaye irin waɗannan jami’ai. Kwamitin da ya iya tanadar ’yan sanda da lasifika da rumfar manyan baƙi ba zai gaza tanadar tankin ruwa mai tsafta, da wurin wanke hannu, da makewayi nesa da rumfunan abinci ba. Ba zai gaza yi wa masu sayarwa rajista ba, ta yadda idan wani abu ya faru za a san inda aka samo shi. Rage wa mai abinci kuɗin rumfa bisa sharaɗin ta bi ƙa’ida ya fi arha a kan jinyar mutum ɗari. Kuma tun da ana ba da kyauta ga gwanin kokawa da gwanin kiɗa, babu abin da zai hana a ba da ita ga gwanar girkin da ta fitar da ɗanɗano da daddawa da citta da kanumfari ba tare da ta jibga gishiri ba. Teburin auna hawan jini kyauta a bakin ƙofa shi ma zai gano mutanen da ba su taɓa zuwa asibiti ba.

Akwai kuma ribar kasuwanci. Baƙon da ya zo daga Legas ko Yamai ya kwana yana gudawa ba zai sake dawowa ba, kuma zai ba da labari.

Abin da ke hannun mai zuwa kallo

Kafin hukumomi su motsa, mai halartar biki yana da nasa zaɓin, kuma ba sai ya ƙaurace wa rumfunan ba. Abin da aka sauke daga wuta a gabansa ya fi wanda ya tarar a rufe. Balangu ko tsiren da ya gasu sosai, tare da albasa da tumatir da kabeji, ya fi soyayyen abu, kuma gara a zuba shi a kwano da a naɗe shi a tsohuwar jarida ko takardar siminti. Ana iya cewa mai fura ta dama ba sukari, ko a ce mai tsire ya rage yaji. Ruwan sha mai lambar NAFDAC, ko wanda aka zo da shi daga gida, ya fi abin sha mai launi da ba a san tushensa ba. Mai ciwon suga ko hawan jini kada ya bar maganinsa a gida, kuma kada ya fito da yunwa, domin mai jin yunwa ba ya zaɓe. Iyali kuma na iya sayen faranti ɗaya na kowane nau’i su ɗanɗana tare, maimakon kowa ya cinye nasa.

Bikin kansa dama ce ta motsa jiki. Ana so baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wanda ya ajiye motarsa ya taka daga Gidan Makama zuwa Kasuwar Kurmi, ko ya zarce marinar Ƙofar Mata, ko ya hau Dutsen Dala da sanyin safiya, ya rage wani kaso mai yawa na wannan bashi, ya kuma ga birnin da ba a ganin sa ta tagar mota.

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki. Jihar da ke son a san ta da bukukuwanta tana da jami’an tsafta, tana da hukumar kare haƙƙin masu saye, tana kuma da abin da ya faru a 2021 a matsayin gargaɗi. Abin da ya rage shi ne a ba su kujera a kwamitin shirya biki na gaba tun ranar da aka fara zama, kafin a raba rumfuna.