Katin Fim Ɗinmu Ba Hoton Aji Ba Ne

An gama ɗaukar gajeren fim ɗin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu, labarin yarinyar da kullum take zuwa aji a makare saboda tallar safe. Saura katin da za a raba wa iyaye da makarantun da ke kusa don su zo kallo. A nan ne rigima ta tashi, domin duk wanda ya fito a fim ɗin yana so a ga fuskarsa a gaban katin. Mu 'yan ƙananan azuzuwa ba a tambaye mu ba, amma da kuɗin taranmu a cikin kuɗin bugawa, saboda haka za mu faɗi namu. Mu hoto ɗaya tak muke so a gaba, sunaye kuma su koma baya.

Ku fara duba girman katin. Irin wanda ake kira A6 ne, faɗinsa santimita 10.5, tsawonsa 14.8. Ku sami takardar A4 irin ta jarrabawa, ku ninke ta biyu, ku sake ninkewa. Wannan ɗan abin da ya rage a hannunku shi ne katin. To ku gwada jera kawunan duk 'yan wasa a kai, ku bar wurin sunan fim da rana da lokaci. Kowace fuska za ta koma kamar ƙwayar gyaɗa, ko mahaifiyar mutum sai ta ƙura ido kafin ta gane ɗanta.

Masu son fuskoki suna cewa ai haka ake yi a fostar finafinan Kannywood. Gaskiya ne, amma su da dalilinsu. Fuskar Ali Nuhu ita kanta talla ce, mutum yana ganinta zai tsaya ya karanta sauran. Mu fa, wa ya san mu a bayan katangar makaranta? 'Yan gidanmu ne kawai, su kuwa ko ba kati za su zo. Sannan fosta babba ce, a bango ake manna ta. Kati a aljihu ake sa shi.

Abin da zai jawo baƙo shi ne labarin. Muna ba da shawara a ɗauki hoton farantin talla an ɗora littafi da biro a kai, a bakin ƙofar makaranta tana rufe. Duk wanda ya gani ya san inda aka dosa, don babu unguwar da ba ta da irin wannan yarinya. Akwai wani amfanin kuma. Kati yana yawo, wani zai faɗi a titi, wani za a ƙunshe gyaɗa da shi. Ba kowane uba ne zai so hoton 'yarsa yana yawo haka ba, kuma muna tsoron kada kati ya sa a hana wata shiga wasa baɗi.

A ɗauki hoton da rana, a jikin bango mai haske. Bugun kala ya fi tsada, idan kuɗi bai kai ba fotokwafi za a yi, hoto mai duhu kuwa in ya shiga injin fotokwafi kamar an goga gawayi yake fitowa. A gwada guda ɗaya tukuna kafin a biya kuɗin sauran.

Sai maganar rubutu, wadda ta fi damun mu. Sunan fim, rana, ƙarfe nawa, wane ɗaki, da ko shiga kyauta ne, duk a rubuta su da Hausa da manyan baƙaƙe, Turanci ya biyo a ƙasa. Iyayenmu mata muke so su zo, musamman waɗanda suke ɗora wa yara talla, don da su fim ɗin yake magana. In aka cika katin da Turanci za su ɗauka taron malamai ne. Kuma don Allah wani ya tsaya a kan mai buga kwamfuta lokacin da yake aikin. Sau da yawa suna zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, sai faɗa ya koma fada, ƙasa ta koma kasa. Wasu salon rubutun masu ƙawa ma ba su da waɗannan baƙaƙe, ɗan akwati suke nunawa a wurinsu. Gboard na waya yana da Hausa, sai a rubuta komai daidai a waya a tura masa, a kuma karanta kafin ya buga.

Bayan katin kuma na kowa ne. A sa sunan 'yan wasa, da wanda ya riƙe waya har hannunsa ya gaji, da waɗanda suka ɗauko benci, da wadda ta aro farantin mamarta, da mu da muka yi ta korar awaki da yara don kada su shiga hoto. A jera sunayen bisa abacada, ba bisa aji ba.

Mun san yayyenmu na SS3 sun kusa tafiya, suna son abin tunawa, kuma sun cancanta. A yi musu hoto gaba ɗaya ranar kallo, mu 'yan jarida mun yi alkawarin manna shi a wannan allo har ƙarshen zango. Mun liƙa samfurin katin da muka zana da fensir a ƙasan wannan rubutu. Wanda yake da gyara ya rubuta a gefe, ban da a kan zanen.