Waiwaye: Firgicin Jabo da Daktocin da Ba Mu Horar Ba

A daren 25 ga Disamba, 2025, Amurka ta harba makamai cikin jihar Sakkwato da sunan farautar 'yan ta'adda, sai ɓaraguzan abin da aka harba suka faɗo a wata gona a gefen garin Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Da gari ya waye jami'an tsaro suka killace wurin, 'yan jarida suka ɗauki hoton guntayen ƙarfe, aka yi ta tambayar ko wani ya mutu ko ya ji ciwo. Da aka ce babu, sai hankalin duniya ya koma wani wuri.

Amma ba kowane ciwo ne ke zubar da jini ba. Masu nazarin firgici sun daɗe da sanin cewa bayan irin wannan dare yawancin mutane kan dawo hayyacinsu cikin 'yan makonni, da taimakon dangi da addu'a da komawa gona da kasuwa. Wasu kaɗan ne abin kan zaune musu: barci ya ƙaurace, gaba ya riƙa faɗuwa da ƙarar babur, yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, magidanci ya riƙa faɗa da iyali ba gaira ba dalili. Idan dare ɗaya na iya yin haka, ina ga mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah, da wasu ƙauyukan Kebbe, da suka yi shekaru suna kwana cikin ɗar-ɗar saboda 'yan bindiga? Gano waɗannan mutane da sanin abin da za a yi musu sana'a ce, kuma akwai karatun da ake yi takanas dominta: digiri na uku a ilimin halayyar ɗan'adam, ɓangaren jinya da ɓangaren gwaje-gwaje.

Wannan dakta daban yake da likitan ƙwaƙwalwa. Shi likitan ƙwaƙwalwa daga makarantar likitanci ya fito, shi ke rubuta ƙwaya da allura. Masanin halayya kuwa kayan aikinsa su ne saurare, da awon tunani da fahimta, da jerin zaman tattaunawa mai tsari wanda aka jarraba aka ga yana warkarwa. Tare suke aiki, babu mai cike gurbin wani.

Asalin karatun gida biyu ne. A 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a Leipzig ta Jamus, inda ake auna abubuwa irin su tsawon lokacin da mutum ke ɗauka tsakanin jin ƙara da motsa yatsa. A 1896 wani almajirinsa, Lightner Witmer, ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a jami'ar Pennsylvania ta Amurka, ya fara da wani ɗan makaranta da rubutu ya gagara. Gidajen nan biyu sun yi ta tafiya kowa da hanyarsa, har Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo wa Amurka da dubban sojoji waɗanda jikinsu lafiya lau, amma hankalinsu bai dawo gida ba. Buƙata ce ta tilasta taron da aka yi a Boulder ta Amurka a 1949, inda aka tsai da shawarar cewa wanda za a kira dakta a wannan fage ya zama mai bincike kuma mai jinya a lokaci guda. Har yau a can ɗalibi kan shafe shekara 5 zuwa 7: darussa, da lissafin ƙididdiga, da kundin bincike na kansa, da shekara guda cur a asibiti ƙarƙashin idon manya.

Ina tare da wannan shawara ɗari bisa ɗari, kuma dalilina yana cikin abin da na faɗa a sama. Tunda yawancin waɗanda suka firgita kan warke da kansu, duk wanda ya ba su wani abu a tsakanin, ko boka ne ko mai digiri, yana iya bugun ƙirji ya ce aikinsa ne. Wanda ya iya gwaji ne kaɗai zai raba mutane gida biyu, ya yi wa waɗannan magani ya dakata wa waɗancan, ya auna bayan wata shida, ya san gaskiyar abin da ya yi aiki. Shi kuma mai gwajin da bai taɓa zama gaban uwar da aka sace wa ɗa ba, zai ɓata shekarunsa yana auna abin da ba shi ne ke damun mutane ba.

Sai dai karatun yana da gurguwar ƙafa, kuma mu ta fi shafa. A 2008 Jeffrey Arnett ya bi manyan mujallun wannan fanni ya ga kusan kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka yi binciken a kansu Amurkawa ne, sauran kuma galibi daga Turai da makamantanta. Da wannan ake rubuta littafi a ce ga halin ɗan'adam. Tun 1979 Farfesa Malik Badri na Sudan, wanda shi ma a Ingila ya yi digirinsa na uku, ya rubuta littafi yana gargaɗin masana Musulmi kada su kwaso komai su juye wa mutanensu ba tare da tacewa ba. Bai ce a yar da ilimin ba. Cewa ya yi a riƙe abin da gwaji ya tabbatar, a bar abin da ra'ayin marubuci ne kawai. Shi ne kuma ya fassara aikin Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, wanda ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi da yadda ake magance su ta hanyar gyara tunani.

A nan Nijeriya mun taɓa kama hanya. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa da ya yi karatu a Ingila, ya dawo Aro kusa da Abeokuta. Maimakon ya kulle marasa lafiya a bayan katanga, sai ya sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, su zo asibiti da rana su koma cikin jama'a da yamma. Ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Bai kuma tsaya ga jinya ba, ya haɗu da masu bincike na jami'ar Cornell suka bi ƙauyukan Yarabawa suna ƙidaya, aka buga sakamakon a 1963. Mutumin nan har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya zama. A 1964 jami'ar Nsukka ta buɗe sashen ilimin halayyar ɗan'adam na farko a ƙasar nan. A 1982 Peter Ebigbo na Enugu ya fito da ma'auni nasa, don ya lura marasa lafiyarsa ba sa cewa suna baƙin ciki. Cewa suke kansu ya ɗau zafi, ko wani abu na yawo a jikinsu kamar tsutsa. Duk ma'aikacin ƙaramin asibiti a ƙasar Hausa ya san irin wannan koke. Mace ta zo ta ce zuciyarta na bugawa, kanta ya yi nauyi, jikinta ya mutu, a auna jini a ga ba zazzaɓin cizon sauro, a ba ta farasitamol ta tafi, ta dawo mako mai zuwa.

Darasin da na ɗauka daga Aro da Enugu shi ne: ilimin ya yi amfani ne a inda mai shi ya zauna cikin mutanensa ya auna su da harshensu. Mu a Arewa maso Yamma ba mu yi wannan zaman yadda ya kamata ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin ƙasar ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, masana halayya na asibiti su ma yawansu bai taka kara ya karya ba, kuma manyan birane suka fi tattaruwa. Mutumin Jabo da ɗansa ya sami taɓin hankali, in yana son asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya, sai ya bi ta Shagari da Boɗinga, ya ratsa birnin Sakkwato, kafin ya isa Kware. Na Kebbe tafiyarsa ta fi haka. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa a tsaya ga hayaƙi da rubutu, in abin ya tsananta a nemi mari. Ba mu manta da Rigasa ta Kaduna ba, inda a Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, wurin zuwa suka rasa. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma doka ba ta zama gaban mara lafiya ta saurare shi.

Wani zai ce, to dakta ɗaya ko biyar me za su yi wa jiha guda? Aikinsu ba su duba kowa da kowa ba ne. A Zimbabwe Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata zaman tattaunawa a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, aka gwada tsarin aka buga a 2016, aka ga waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Farfesa Oye Gureje ya haɗa masu maganin gargajiya da na addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci a Ibadan da Kumasi, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna masu taɓin hankalin da aka yi wa haɗin gwiwar sun fi murmurewa. Dakta Fatima Akilu, ta hanyar gidauniyar Neem, ta kai masu ba da shawara garuruwan Borno da Boko Haram ta ɗaiɗaita. A kowanne, ƙwararru kaɗan ne suka tsara, suka koyar, suka sa ido, suka auna. Mu Sakkwatawa bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba, don haka Nana Asma'u ta yi da matan da ake kira jaji da 'yan taru: ta koyar da kaɗan, su suka kai ilimi ƙauyuka.

Don haka kirana ga hukumar ba da tallafin karatu ta jihar Sakkwato, da jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da asusun TETFund: a ware gurabe na digiri na uku a wannan fanni, a gindaya sharaɗin cewa ko a ina ɗalibi ya yi darussansa, bincikensa a gida zai yi shi, cikin Hausa da Fulfulde, tare da asibitin Kware da ƙananan asibitocin Tambuwal da Kebbe, da malaman da ke ruƙiyya. A fifita 'ya'ya mata, don akwai maganar da matar aure ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. Kai kuma uba, in 'yarka ko ɗanka ya ce wannan fanni yake so ba likitanci ko lauya ba, kada ka ce ya zaɓi karatun banza. Ka sa masa albarka, ka taimaka masa ya kai ƙarshe.