Wa Ya Ɗaura Mariƙin Da Ya Juya?

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata mun kai 'yan aji biyar yawon buɗe ido wani wurin wasan yara a babban birnin jiharmu. Cikin kayan wasan da ke wurin har da katangar hawa, wato bangon katako da aka kakkafa wa mariƙai masu launi iri-iri, yaro ya kama da hannu, ya taka da ƙafa, ya yi sama. Wata yarinya ta hau, ba ta ma yi nisa ba, ta saki nauyinta a kan wani jan mariƙi, sai ya juya a hannunta kamar marfin kwalba. Ta faɗo a kan wata 'yar katifa da ta daɗe da lotsewa, ƙarƙashinta kuwa siminti ne. Allah ya taƙaita, abin ya tsaya a targaɗen wuyan hannu. Amma kafin mako ya zagayo, abokan aikinmu biyu da suka jagoranci tafiyar sun karɓi takardar neman bahasi, ana tambayarsu ina idanunsu suke. Mai wurin ko layi ɗaya ba a rubuta masa ba. Da muka tambayi saurayin da ke yankar tikiti wa ya ɗaura mariƙan, kuma yaushe rabon da a bi su da sufana, sai ya ce shi ma haka ya zo ya tarar da su.

Ba mu ce malami ba shi da alhakin sa ido ba. Amanar 'ya'yan mutane ce a wuyanmu, kuma mun karɓa da saninmu. Sai dai idon malami, kome kaifinsa, ba ya ganin notin da ya saki a bayan katako. Lafiyar yaro a kan irin wannan katanga an riga an yanke ta tun ranar da wani ya tsaya da kayan aiki ya zaɓi inda kowane mariƙi zai zauna. Tun ran gini ran zane.

Abin ba namu ba ne tun asali, don haka ya kamata mu dubi yadda masu shi suke tafiyar da shi. Katangar da aka fi ambata a matsayin mafarin na zamani an yi ta ne a 1964 a Jami'ar Leeds da ke Ingila, kuma wanda ya yi ta malamin motsa jiki ne, Don Robinson, da ya cusa guntayen duwatsu a bangon wani lungu domin ɗalibansa su koyi hawa. Daga nan abin ya bunƙasa har ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021. A yau tsara hanyar hawa sana'a ce mai zaman kanta a ƙasashen Turai, da Amurka, da Japan. Ana koyonta a hannun gwanaye, kuma a Turai akwai ƙa'ida mai lamba EN 12572 da ta kasu uku: katangar da ake hawa da igiya, da gajeriyar da ake hawa ba igiya, da su kansu mariƙan. Gajeriyar ba a barinta ta wuce mita 4.5, kuma dole a shimfiɗe ƙasanta da katifu masu kauri, ba tare da an bar rata a tsakaninsu ba, domin a ratar nan ƙafa take faɗawa ta karye.

Mai tsara hanya ba ya soma aiki sai ya killace wurin, kada sufana ta kuɓuce masa daga sama ta sami kan wani. Yakan kwance tsofaffin mariƙai ya wanke, ya duba kowanne ko ya tsage, wanda ya tsage kuma ya fita daga aiki ke nan. In ya zo ɗaurawa, ƙusa mai zare ce ke ratsa mariƙin ta shiga notin da ke kafe a bayan katakon, sa'an nan a kan manyan mariƙai ya ƙara ɗan sukuru a gefe domin hana juyawa. Ɗan sukurun nan da bai kai kuɗin biredi ba, da an sa shi, da yarinyarmu ba ta kwana da ɗauri ba. Amma ɗauri da ƙarfi rabin aikin ne. Sauran rabin tunani ne a kan faɗuwa: in mai hawa ya kuskure a nan, ina zai sauka, me zai buga a hanya, wa ke ƙarƙashinsa? Saboda haka ba ya kafa ƙaton mariƙi mai tsini a ƙarƙashin wuri mai wuya, ba ya barin hanyoyi biyu su gitta har yaro ya faɗo kan ɗan'uwansa, ba ya sa ramin da yatsa zai maƙale a ciki. In hanyar ta yara ce, yana auna tazarar da gwargwadon hannun yaro, ya ajiye wahalar a ƙasa-ƙasa, ya kuma bar manyan mariƙai na saukowa don kada wanda ya kai ƙoli ya rasa mafita sai dirowa. A ƙarshe, kafin a buɗe wa kowa, shi da abokan aikinsa ne ke fara hawa su gwada.

Wannan na ƙarshen ya fi kama mana hankali, domin mu ma mun san irinsa. A kwalejin ilimi an koya mana cewa mai tsara jarrabawa ya fara amsa tambayoyinsa da kansa kafin ya raba wa yara takarda, kuma tambaya mai wuya daban take da tambaya mai tarko. Haka katanga take: ana son ta gajiyar da yaro, ta sa shi tunani, ta kayar da shi ma sau da yawa, amma faɗuwar da zai tashi ya karkaɗe jikinsa ya sake gwadawa.

A nan gida kuwa, wa ke wannan aiki? Galibi kafinta ne da mai walda, an nuna musu hoto a waya an ce su yi irinsa. Ba raina sana'arsu muke yi ba, su ne ke gyara mana bencina da tagogi, sau da yawa ma bashi. Sai dai ba wanda ya taɓa koya musu inda yaro ke faɗawa. Ga kuma yanayinmu: katako ya sha laimar damina ya kumbura, hunturu ya zo ya busar da shi ya motse, notin da aka ɗaure tam a Agusta ya yi sako-sako a Janairu. Gara na cin gindi, ranar bazara na gasa roba har ta yi gautsi. Katangar da ke tsaye a filin Allah a ƙasar nan ta fi ta Leeds bukatar dubawa, amma ita ce ba ta da mai duba ta.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce: makarantar da yara ke zaune a ƙasa, rufi na yoyo, albashi na jinkiri, ina ruwanta da katangar hawa? Gaskiya ne, da sauranmu. To amma makarantun kuɗi sun fara kafa irin waɗannan kaya don jan hankalin iyaye, wuraren shaƙatawa na ƙara yawa, kuma mu ne ake turawa rakiya. Wasu kuma sun ce a hana hawan kawai kowa ya huta. Nan ba mu tare da su. Wanda ya taɓa tsaron tara ya san yaro sai ya hau wani abu: in ba mangwaro ba, katangar makaranta, in ba ita ba, ƙarfen tankin ruwa. Makarantun firamare da yawa a Ingila sun bi wata hanya mai sauƙi: doguwar katanga da ake bi a kwance daga wannan gefe zuwa wancan, matakan ƙafa kusa da ƙasa. Ƙa'idar filin wasa ta Turai ta ce duk inda faɗuwa za ta wuce santimita 60 sai an shimfiɗa abin da zai tare jiki, kamar yashi mai zurfi. Yashi dai ba mu rasa shi ba.

Abin da muke roƙon reshe ya tattauna a taro mai zuwa shi ne kada a sake tura mamba rakiyar yara wurin da ke da katangar hawa sai hukumar makaranta ta ga rubutacciyar shaida: sunan wanda ya tsara hanyoyin, ranar da ya gwada su da jikinsa, da ranar da aka bi mariƙan ɗaya bayan ɗaya. In babu, malami ya sami ikon cewa yara ba za su hau ba, ƙungiya kuma ta tsaya masa in aka kira hakan taurin kai. Makarantar da aka ba kyautar irin wannan katanga, kwamitin kula da makaranta ya tambayi mai kyautar wa zai riƙa dubawa bayan an gama ɗaukar hoto, kada a wayi gari an liƙa wa malamin motsa jiki aikin da ba a horar da shi a kai ba. Muna kuma roƙon shugaban reshe ya rubuta wa sakataren ilimi a kan takardun bahasin nan biyu, domin har yau suna cikin fayil ɗin abokan aikinmu, ga shi kuwa lokacin ƙarin girma ya matso.