Mun Ƙara Kuɗin Forfe, Wifi Bai Ƙara Gudu Ba: A Daina Sayar Mana Da "Har Zuwa"

Kukan da ya fi yawa cikin saƙonninku wannan makon guda ne: mutum ya bar ƙaramin forfe ya hau babba, ya ƙara jikkuna bisa abin da yake biya duk wata, amma bidiyo na nan yana juyi kamar da, kiran ɗan uwa na ƙetare na yankewa. Mu ma ya same mu. Muka je ajans, aka ce: "Ku kashe bokis ku kunna." To, mun kashe mun kunna har mun gaji.

Laifi na farko na masu talla ne. Suna rubuta adadi da manyan haruffa, sannan su laƙa "jusqu'à" ƙarami a gabansa, wato "har zuwa". Mai hatsi a kasuwar Maradi zai ce muku buhun nan "har zuwa" tiya arba'in ne, ku biya ku tafi? Wallahi sai an auna. Me ya sa intanet kaɗai za a saya ba awo?

Sannan akwai wasan lissafi. Kampani yana magana da megabit, salularku tana nuna mega-okte idan kuna sauke abu. Okte ɗaya bit 8 ne. Ke nan layin megabit 20 ba zai wuce mega-okte 2,5 a daƙiƙa ba, ko da komi ya tafi daidai. Wannan bayanin minti ɗaya ne, amma ba a yi wa kowa shi a gaban kanta.

Na uku, suna sayar da babban forfe ba su tambayi wane bokis ke gidan ba. Tsohon bokis mai rezon 2,4 GHz kaɗai, ko wanda kafar wayarsa ta tsaya a megabit 100, ba zai fitar da abin da ya fi ƙarfinsa ba. An faɗaɗa rijiya, guga na nan yadda yake. Idan kuma bokis ɗin na 4G ne, anten guda kuke rabawa da duk unguwa. Shi ya sa da asuba yana gudu, bayan isha'i ya kwanta.

Za su ce Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu sai ya ratso ƙasashen maƙwabta. Gaskiya ne. Mun ga haka ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, rezo ya yi rauni a ƙasashe da dama har da tamu. Amma wannan uzurin kwanaki ne. Ba ya wanke jinkirin kowane dare, tunda kuɗin wata cikakke ake karɓa.

Mu ma fa mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mun kulle bokis cikin kwaba ko bayan tele, mun koma ɗakin ƙarshe bayan bangon siminti uku masu ƙarfe, muna zagin kampani. Mun ba maƙwabta kod, su ma sun ba nasu baƙi, salula ashirin na kallon TikTok bisa layi guda. Wannan ba laifin kowa ba ne sai namu.

Don haka kafin a je faɗa, a riƙe hujja. A haɗa kwamfuta da bokis ta waya, a cire kowa daga wifi, a auna da Speedtest safe, rana da dare, kwana uku a jere, a ajiye hoton kowane awo. Idan waya ta ba da kusan abin da aka alkawarta, matsalar tana cikin gida: a fito da bokis tsakiyar gida, a ɗora shi sama inda iska ke shiga, nesa da rana da ƙarfe. A sauya kod. Wanda ke kusa ya hau 5 GHz, ya fi gudu amma ba ya jure bango. Na nesa ya tsaya kan 2,4 GHz, a gwada kanal 1, 6 ko 11. A tuna tsohuwar salula ma tana da iyakarta.

Idan kuwa ta waya ma ba a samu ko rabi ba, to ba bango ba ne, ba maƙwabci ba ne. A kai hotunan ajans, a rubuta ƙorafi, a karɓi shaidar an ajiye shi. In an yi shiru, akwai hukumar ARCEP da aka ɗora wa sa ido kan harkar sadarwa.

Abin da muke nema ba shi da yawa: a rubuta mafi ƙarancin gudun da aka lamunce cikin kwantiragi, a duba bokis kafin a karɓi kuɗin sabon forfe, ranar da layi ya faɗi a rage kuɗinta. Ɗalibin da ke sauke darasi da ɗan kasuwar da ke jiran hoton kaya ba tsintar jikkunan nan suka yi ba.

Ku turo mana awonku da sunan unguwarku, za mu karanta su a shiri. Allah ya sa mu dace.