Fushin tallafi kada ya sauka a kan yaranmu



Iyayena, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, da duk matan da ke cikin wannan zaure namu daga Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kirikasamma, ina gaishe ku da fatan kowa ta tashi lafiya. Saƙon yau yana da ɗan tsawo. Don Allah a daure a kai ƙarshe, wadda ta karanta kuma ta karanta wa maƙwabciyarta da ba ta iya ba.

Magana ce a kan allurar rigakafi. Akwai abin da ke faruwa a wasu unguwanni da ƙauyukanmu wanda ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kai. Masu allura su yi sallama, sai a ce musu su koma, ba za a fito da yara ba sai an kawo tallafin ambaliya, ko sai an gyara hanya, ko sai an raba taki da gidan sauro. Wasu kuma har yanzu tsoron da aka dasa musu lokacin korona bai fita ba, yanzu ya shafi kowace allura, har ta ƙyanda da ta sanƙarau da iyayenmu suka sani tun da daɗewa. Ra'ayina a fili yake: fushin da muke yi yana da dalili, amma wanda muke hukuntawa da shi bai yi mana laifin komai ba, don yaron da ke goye a bayanmu ne.

Ku tuna yadda muka yi 2020. A ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Legas. Kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu, boko da Islamiyya. Daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, mai kifi da mai tattasai da mai shinkafa suka rasa yadda za su fitar da kaya, mu mata masu ƙosai da awara da ɗinki muka rasa masu saye. A haka muka yi azumin wannan shekara. Aka riƙa mayar da almajirai jihohinsu a motoci, wasu daga cikin waɗanda aka dawo da su Jigawa aka gwada aka same su da cutar. A ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu aka yi ta mace-mace a Kano, mu ma a nan Haɗeja muka yi ta rashin dattawa a jere, har gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ba mu gama farfaɗowa ba, damina ta zo da ambaliya, kogi ya cinye gonaki da gidaje a fadamarmu. A watan Oktoba kuma muka ga hotunan ɗakunan ajiya a jihohi da dama maƙare da abincin tallafin korona da ba a raba ba, har jama'a suka fasa suka kwashe.

To wadda ta ga wannan duka, in ta ce ba ta yarda da hukuma ba, ni ba zan kira ta jahila ba. Kuma kada wata shugabar mata ta je gidan mutane ta kira su jahilai. In kika yi haka kin rufe ƙofar da ake son ki buɗe.

Akwai ma tsohon ciwo da ya girmi korona. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Aka daɗe ana shari'a, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan ya faru, kada kowa ya ce miki ƙarya ne. Amma a riƙe bambancin: Trovan maganin da ake gwadawa ne a kan yaran da suka riga suka kamu. Alluran da ake yi wa yaranmu yau an daɗe da gama gwajinsu, kuma irin waɗannan cututtuka ake yi wa yaran Saudiyya da Masar da Indunusiya rigakafinsu.

Mun taɓa gwada ƙaurace wa rigakafi, mun kuma ga abin da ya biyo baya. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da ɗigon shan inna saboda zargin yana hana haihuwa. Kano ba ta dawo ba sai a watan Yulin 2004, bayan an yi bincike an kuma kawo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. A wannan tsakani cutar ta bazu, ta tsallaka ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Yaran da ta shanye wa ƙafa a lokacin, yau samari ne da 'yanmata, muna ganinsu a kan keken guragu a tasha da bakin kasuwa. Su ne suka biya kuɗin rigimar, manyan da suka yi ta kuwa kowa ya ci gaba da harkarsa. Da sarakunanmu suka shigo cikin aikin ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka tsaya, sai lamarin ya sauya. An ga shan inna na asali na ƙarshe a Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shi. Mata ne suka yi wannan aiki, gida gida, cikin rana. A Fabrairun 2013 an harbe masu ɗigon shan inna a Kano suna bakin aiki, mata 'yan'uwanmu. In irinsu suka yi miki sallama, ko ba komai ki ba su tabarma da ruwan sha.

Sai maganar allurar korona. Ta iso ƙasar nan ranar 2 ga Maris 2021, kuma a cikin makon aka yi wa Shugaba Muhammadu Buhari a gaban kyamara. Kun tuna saƙonnin murya da aka riƙa turo mana? Aka ce duk wanda aka yi wa ba zai wuce shekara biyu ba. Aka ce cokali zai manne a dantse. Aka ce mace ta gama haihuwa. To shekara biyun ta wuce tuni, har an ɗora. Jigawa tana cikin jihohin da suka fi karɓar allurar a ƙasar nan. Kowacce ta duba gidansu da unguwarsu ta ƙirga da kanta: cikin matan da aka yi wa, nawa muka je wa barka da suna tun daga lokacin? Ni dai turamen atamfar da na saya na suna ba su ragu ba. Waɗanda suka turo saƙonnin nan, ko ɗaya bai dawo ya ce a yafe masa ba, sun dai koma kan wata allurar da sabon labari.

Ku kuma duba maganar Hajji. A 2020 da 2021 ba wanda ya tashi daga Najeriya zuwa aikin Hajji. Da aka buɗe a 2022, Saudiyya ta sa sharaɗin allurar korona, kamar yadda ta daɗe tana sa sharaɗin ta sanƙarau. Wace Hajiya ce ta ce ta fasa kujerarta saboda allura? Kowa ya miƙa hannu aka yi masa. Abin da muka yarda a yi mana don mu ga Ka'aba, me zai sa mu hana ɗan wata tara?

Abin da ya fi damuna shi ne giɓin da korona ta bari. A watannin kulle mata da yawa sun daina kai yara asibiti, wasu don tsoro, wasu don rashin abin hawa, wasu ruwa ya raba su da gari. Yaran da aka haifa a lokacin da dama ba su kammala alluransu ba. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ta fi jin jiki, ya taɓa Yobe da Katsina da Bauchi da mu nan Jigawa, kuma mafi yawan yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Cuta ce da allurar da ake yi wa jariri a cinya take karewa, kyauta. Sanƙarau ma ya dawo mana, har a watan Maris na 2024 aka yi gangamin sabuwar allurarsa a Jigawa da Bauchi da Yobe, kuma Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da ita. Mu da muke zaune a fadama, in ruwa ya kore mu muka cunkusu a ajin makaranta ɗaya, iyali biyar ko shida, ƙyanda ɗaya ta isa ta zagaye yaran duka. In zafi ya shigo da ƙura, lokacin sanƙarau ne.

Na san tambayar da ake yi, kuma tambaya ce mai kyau: me ya sa allura ake biyo mu da ita har gida kyauta, amma in yaro ya yi zazzaɓi sai mun sayi magani? Dalili ɗaya shi ne waɗannan cututtuka suna tsallaka iyaka, shi ya sa ƙasashen duniya suke zuba kuɗi a kansu, don su ma su tsira. Wannan bai sauke wa gwamnatocinmu nauyin samar da magani da ma'aikata a asibitocin ƙauye ba. Mu nemi haƙƙinmu da babbar murya. Amma uwar da ta ce tunda ba a ba ta maganin zazzaɓi ba, ba za ta karɓi na ƙyanda ba, ta tara wa ɗanta ciwo biyu.

Masu cewa ai komai ƙaddara ce, mun karanta a Islamiyya labarin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda. Yana kan hanyar Sham aka sanar da shi annoba ta sauka can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna musu cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Annobar nan ta Amwas ita ta yi sanadin manyan sahabbai irin su Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal. Mu ma da muke jera buhunan ƙasa a bakin kogi kowace damina, ba wanda ya ce mun daina tawakkali.

Yanzu ga abin da nake roƙon kowace shugabar mata ta mazaɓa.

Na farko, yadda muka san gidajen akwatinmu ɗaya bayan ɗaya lokacin zaɓe, haka za mu bi su mu tambayi katin yara. Jariri ana yi masa da zarar an haife shi, sai a sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9, sai a koma a wata 15 don ƙyanda ta biyu. Wanda ya tsallake, ba a cewa ya makara, a kai shi asibiti mafi kusa su ɗora daga inda aka tsaya. Wadda ruwa ya tafi da katinta ta je ta faɗa musu, kada kunya ta hana ta. Katin da ke hannu a naɗe shi a leda a ajiye tare da katin zaɓe.

Na biyu, a faɗa wa uwa gaskiya tun kafin a yi. Yaro zai iya yin ɗan zazzaɓi ko wurin ya kumbura kwana ɗaya ko biyu, ya yi rigima da dare. A ci gaba da ba shi nono, in abin ya wuce haka a koma asibiti. In muka ɓoye mata wannan, ranar da jikin yaron ya yi zafi za ta ce an cuce ta, kuma ba za ta sake fitowa ba.

Na uku, a bi ta hannun maigida da uwar miji cikin ladabi. Gida da yawa matar tana so, izini ne babu. Kada a haɗa ta faɗa da mijinta. A nemi liman ko mai unguwa ko wani dattijo da yake jin maganarsa.

Na huɗu, yaron da ke zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wuya ya kumbura, numfashi yana wahala, kada a kai shi wurin wanzami a ce beli ne. A garzaya asibiti a ranar, a kuma raba shi da sauran yara.

Na biyar, kada a sa hular jam'iyya a wannan aiki. Gidan 'yar adawa a shiga kamar yadda za a shiga gidan 'yar'uwa, don yaranta da namu aji ɗaya suke zama, rijiya ɗaya suke ɗiba. A tuna da rugagen Fulani da ƙauyukan masunta da sai da kwalekwale ake kai musu. In an tsallake wani wuri, a sanar da ni da sunan garin.

Maganar tallafi, taki, hanya da kacalar da ta toshe mana hanyoyin ruwa kuwa, a rubuto. Kowace mazaɓa ta kawo nata a takarda, mu kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa, mu zauna a ofishinsu har sai sun saurare mu. Namu ne, mu muka yi layi muka zaɓe su, kuma sun san za su sake dawowa neman mu. A can ne fushinmu zai yi aiki.

Kuma don Allah duk saƙon murya da aka turo miki a kan allura, wanda ba ki san mai maganar ba, ba ki san inda yake aiki ba, kada ki tura gaba. Ki tambayi ma'aikaciyar lafiya ta garinku tukuna. Abin da yatsanki ya tura, za a tambaye ki a kansa.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kare mu daga annoba da ambaliya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wadda ta karanta ta amsa da sunan mazaɓarta don in san saƙo ya isa.

Taku,
Shugabar Mata, shiyyar Haɗeja