Littafin soyayya mai tsabta ba dole ya yi sanyi ba

Wata maƙwabciyata Kirista a nan Messa, kusa da Briqueterie, ta ara mini Redeeming Love na Francine Rivers. Kwana biyu na gama shi, har tuwo ya kama a tukunya.

Labarin Michael ne, manomi mai tsoron Allah, da ya auri Angel, wadda aka jefa karuwanci tun tana ƙarama. An ɗora shi kan labarin annabi Hosiya. Ya fito a 1991, a 1997 kuma aka sake buga shi don masu karatu Kirista bayan an rage wasu wurare. Amma zafin bai tafi ba. Kana jin yadda mutumin nan yake son matarsa, yana kuma danne kansa har ta yarda da shi.

To, da yawa daga littattafan soyayya na Kirista da ta ba ni daga baya ba haka suke ba. Saurayi da budurwa kamar wa da ƙanwa, sai addu'a, sai ɗaurin aure. Haba! Ai Waƙar Waƙoƙi ma a cikin Littafi Mai Tsarki take.

Mu ma mun san wannan tsoron. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano da sunan gyaran tarbiyya. 'Yan matan unguwarmu ba su daina karatu ba, sun koma wayoyi, inda ake tura batsa zalla ta WhatsApp, babu mai tace ko layi ɗaya.